Mutum ɗaya a ƙaramin jirgin inji: ina haɗarin ƙetare teku yake?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya. Ya ce yana yawan jin labarin mutanen da ke ƙera wa kansu ɗan jirgin ruwa mai inji, mai siffar da ba a saba gani ba, su ce za su ƙetare Atlantika ko Pasifik su kaɗai. Tunda yanzu akwai GPS da wayar tauraron ɗan'adam da hasashen yanayi, me ya sa ma'aikatan ruwa ke yi wa irin waɗannan kallon masu neman ajalinsu? Ba an sha yi an isa lafiya ba?

An yi, Malam, kuma ba yau aka fara ba. A 1902 wani kyaftin mai suna William Newman da ɗansa ɗan shekara 16 suka tashi daga New York a jirgi mai tsawon ƙafa 38 da injin kananzir, suka sauka a Falmouth ta Ingila bayan fiye da wata guda. A 1936 Bafaranshen nan mai zane, Marin-Marie, ya ɗauko jirginsa Arielle mai tsawon mita 13, shi kaɗai, daga New York zuwa Faransa cikin kwana 18 da 'yan awoyi. A 1990 Tom McClean, tsohon sojan Birtaniya, ya ƙetare a jirgin da aka ƙera da siffar kwalba. A 2002 Álvaro de Marichalar ɗan Sifaniya ya taso daga Rum har New York a kan babur ɗin ruwa. Sai dai in ka dubi sunayen nan da kyau za ka ga abin da masu yaɗa labari ke tsallakewa. Newman da ɗansa yake. Arielle ba ƙaramin jirgi ba ne, kuma mai shi ya riga ya ƙetare tekun da jirgi mai filafilai, wato mai tafiya da iska, shekara uku kafin nan. McClean tun 1969 ya ƙetare Atlantika da tuƙin hannu, kuma kwalbar tasa ƙafa 37 ce. Marichalar kuwa da babban jirgi biye da shi, ɗauke da mansa da abincinsa. Tambayarka ta haɗa kaya uku wuri guda, ƙanƙantar jirgi, kaɗaici, da sabuwar ƙira, kuma kowanne daga cikin mutanen nan ya sauke aƙalla ɗaya kafin ya tashi.

A ƙaramin jirgin inji rayuwar mutum duka tana rataye ne a wuyan inji ɗaya, wanda dole ya yi ta juyawa dare da rana na mako uku, kuma mai kula da shi mutum ɗaya ne da barci ya yi wa katutu. Ba sai an yi mahaukaciyar guguwa ba, filtar mai da ta toshe da ƙarfe uku na dare ma ta isa. GPS zai gaya maka daidai inda kake yawo a kan ruwa, amma ba ya tayar da inji.

Lissafin yana fara wuya tun jirgi yana kan tudu, wajen mai. Hanyar da aka fi bi daga ɓangaren Afirka ita ce daga tsibiran Kanari zuwa Karibiyan, mil 2,700 na teku, kimanin kilomita 5,000, ba wurin tsayawa sai in ka karkata ta Cape Verde. Daga California zuwa Hawaii ma ya haura mil 2,000, ba ko dutse a tsakani. Jirgin da ke tafiya yana ture ruwa da ƙirjinsa kuwa, tsawonsa ne ke yanka masa iyakar gudu. Mai ƙafa 25 da ƙyar yake wuce mil shida da rabi a awa, kuma kafin ya kai can shan mai ya riga ya haukace, domin in ka ninka gudu sau biyu ƙarfin da ake buƙata yakan hau kusan ninki takwas. Dole a tafi a hankali, a hankali kuma yana nufin makonni.

Mu ɗauki ƙaramin injin dizal mai shan lita biyu da rabi a awa, yana tura jirgi mil biyar a awa. Misali ne kawai, kuma na yi masa sassauci. Mil 2,700 zai ci awa 540, wato kwana 22 da rabi, lita 1,350. Babu mai hankalin da zai tashi ba rara, tunda iskar gaba da taguwar ruwa suna ƙara shan mai, don haka a ce lita 1,700. Durom takwas da rabi ke nan, kusan tan ɗaya da rabi, a jirgin da shi kansa watakila tan biyu ne. Ba a sa ruwan sha ba, ba a sa abinci da kayan gyara ba. In injin fetur ne irin na ratayawa a baya, kamar Yamaha ɗin kwale-kwalen Yauri da Lokoja, shansa ya fi haka nesa. Jirgin gudu mai tashi a saman ruwa kuwa a ma daina maganarsa: lita ɗaya ko fiye yake sha a kowane mil, kuma da zarar ka loda masa man da zai isa, nauyin ya hana shi tashin da aka ƙera shi dominsa.

Sai maganar inda za a zuba man. Tankin ƙasa ba zai ɗauke ba, sai ka ga an jera jarkoki a sama an ɗaɗɗaure, alhali duk kilon da aka ɗora a sama yana rage wa jirgi ƙarfin miƙewa in ya karkata. A makon farko jirgin ya lotsa saboda nauyi, bakinsa ya kusanci ruwa, kowace taguwa tana leƙowa ciki. A makon ƙarshe man ƙasa ya ƙare, jirgin ya yi sakayau, nauyin da ke riƙe da gindinsa ya tafi. Wanda ka tashi da shi daban, wanda za ka isa da shi daban, kuma dole dukansu biyu su iya teku. A tsakiyar tafiya ga tankin da ya kai rabi. Direbobin tanka sun san wannan: rabin lodi ya fi cikakke mugunta a kwana, don man yana kwararowa gefen da mota ta karkata ya ƙara danne ta. Shi jirgi kwanarsa ba ta ƙarewa, kowane 'yan daƙiƙoƙi sai ya karkata. Shi ya sa ake raba tanki gida-gida, a sa shinge a ciki, a riƙa shanye ɗaya kafin a taɓa ɗaya.

Ben Carlin, ɗan Ostireliya, ya nemi ya kauce wa wannan ta hanyar jan tankin mai da igiya a bayansa. Abin hawansa ma ba jirgi ba ne, jif ce ƙirar Ford ta sojan Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu, mai shiga ruwa ta fito tudu. A yunƙurinsa na 1948, bayan mako guda a teku, boris ɗin sandar farfela ya ƙone, shi da matarsa Elinore suka yi ta yawo kwanaki har wani jirgin dakon mai ya tsince su. Sai a 1950 suka tashi daga Halifax ta Kanada suka isa tsibiran Azores bayan kwana 32, tafiyar da sai da ya riƙa kwance kan inji yana kankare masa baƙi a tsakiyar teku. Ka lura su biyu ne, in ɗaya na riƙe da sifana ɗaya na lura da ruwa.

Mu da muka yi aiki a ɗakin inji mun san dizal da kansa ba ya yawan mutuwa, abubuwan da ke kewaye da shi ne ke kashe shi, kuma dattin mai shi ne kan gaba. Kowane tanki yana da laka a ƙasa: tsatsa, ruwan raɓa da ya taru, da wasu ƙwayoyin halitta da ke rayuwa a tsakanin ruwa da dizal suna haifar da baƙin yauƙi. A tasha lakar tana kwance abinta, inji yana aiki sumul, mai shi yana murna. Ranar da aka shiga teku jirgi ya fara tangaɗi sai ta tashi ta gauraye ta toshe filta, daidai lokacin da aka fi buƙatar injin. In tanki ya yi ƙasa jirgi kuma ya karkata, bakin bututu ya zuƙi iska, inji ya sha iska ya mutu, ba zai tashi ba sai an kwance an fitar masa. Ruwan sanyaya inji daga tekun ake zuƙo shi, leda ɗaya ko ciyawa ta rufe ƙofar, robar famfo ta ƙone cikin 'yan mintuna. Tun 2011 ciyawar nan sargasum ta yi yawa a Atlantika, tun daga gaɓar Afirka ta Yamma har Karibiyan, daidai kan hanya. In kuma igiya ko tsohuwar komar masunta ta naɗe farfela, maganin ɗaya ne, ka ɗauki wuƙa ka shiga ƙarƙashin jirgin da ke ɗagawa yana faɗowa a kanka. Ga juye kuma. Yawancin ƙananan injuna ana canza musu baƙin mai bayan awa 100 zuwa 250, tafiyar kuwa awa 540 ce. Ko dai ka kashe injin da hannunka a tsakiyar teku aƙalla sau biyu kana addu'ar ya tashi, ko ka bar shi yana nukurkusa da gurɓataccen mai.

Injin ba tafiya kaɗai yake yi da kai ba. Shi ke cika batir, batir ke ba famfon kwashe ruwa wuta, da fitilu, da rediyo, da na'urar tuƙi. Sama da duka, shi ke ba sitiyari ƙarfi. Jirgin da ba ya motsi ba ya jin sitiyari, cikin minti ɗaya ko biyu iska za ta juya shi ya ba taguwa haƙarƙarinsa, kuma babu tsayuwar da ta fi wannan muni. Jirgi mai filafilai in injinsa ya mutu yana da filafilansa, yana da kuma dalma ko ƙarfe mai nauyi a can ƙarƙashinsa da ke tayar da shi ko da ya kwanta. Ƙaramin jirgin inji ba shi da ko ɗaya. Bayan gasar tseren jirage masu filafilai ta Fastnet ta 1979, wadda guguwa ta kashe matuƙa 15 a cikinta tsakanin Ingila da Ailan, an yi gwaje-gwaje da ƙananan samfuran jirage a Jami'ar Southampton. Aka gano cewa taguwa mai karyewa in ta sami jirgi a gefe, tsayinta ya kai kashi 30 cikin ɗari na tsawon jirgin, tana iya kwantar da wasu, in kuma ta kai wajen kashi 60 babu samfurin da bai kife ba. Ka auna da jirgin mita bakwai. Taguwar mita biyu ta fara zama barazana, ta mita huɗu ta gama magana, kuma mita huɗu ba abin labari ba ne a Atlantika. Adadin da masu hasashe ke faɗa ma matsakaicin manyan taguwoyi ne, jefi-jefi wata takan zo da ta kusa ninka shi. Akwai laimar ruwa da ake jefawa da doguwar igiya daga goshin jirgi don ta riƙe shi yana fuskantar taguwa. Tana aiki, amma sai an jefa ta kafin abu ya ɓaci, kuma mutumin da ke fama da inji shi ne dai zai rarrafa zuwa goshi ya jefa.

In jirgi bai kife ba, sai yawo. Wannan ba sai mun je nesa neman misali ba. Kwale-kwalen da ke tashi daga Senegal da Muritaniya zuwa Kanari da injin ratayawa, in inji ya mutu ko mai ya ƙare ko aka kuskure tsibiran, iska da jan ruwa yamma suke yi da su. A watan Mayun 2021 masunta a Tobago suka tsinci ɗaya da gawarwaki a ciki, aka bi diddigi aka gano daga Muritaniya ya taso. A Afrilun 2024 aka tsinci wani a gaɓar jihar Pará ta Brazil da gawa tara. Allah Ya jiƙansu. Su ba neman suna ya fitar da su ba, amma abin da ya same su shi ne zai sami duk ƙaramin jirgin da injinsa ya yi shiru a wannan hanya: jirgin zai ƙetare cikin watanni, ruwan sha kuma zai ƙare cikin kwanaki. A Pasifik, José Salvador Alvarenga, masunci ɗan El Salvador, injinsa ya mutu cikin guguwa ba nisa da gaɓar Meziko a Nuwamban 2012. Bai sake taka ƙasa ba sai a tsibiran Marshall a ƙarshen Janairun 2014, bayan kwana 438. Abokin tafiyarsa ya rasu a hanya.

Game da sabuwar ƙira, ni ba na cikin masu yi wa mai ƙirƙira dariya, tunda kowace siffar jirgi da muke gani ta gargajiya yau wani ne ya fara ta. Amma siffofin da suka zauna sun zauna ne bayan an yi asarar jirage da rayuka masu yawa, har aka san kaurin da gilashin taga ke buƙata, da girman ramin da zai zubar da ruwan da ya faɗo ciki, da inda bututun shaƙar iskar inji ya kamata ya zauna. Wanda ya zo da siffar da ba a taɓa gani ba ya ajiye duk wannan gado, gwajinsa na farko shi ne tafiyar kanta, da shi a ciki. Dokar Tarayyar Turai ta raba ƙananan jirage aji huɗu, ajin A shi ne wanda aka ƙera don iskar da ta wuce mataki na 8 a Beaufort, wato ma'aunin ƙarfin iska, da taguwar da ta wuce mita huɗu. Jirgin da aka haɗa a bayan gida ba wanda ya auna shi da wannan. Yawancin masu irin wannan ƙira da hujja ɗaya suke fakewa: jirgina rufaffe ne ruf, ko ya kife zai miƙe. To rufaffen jirgi da inji a ciki rigima ce, domin inji yana shaƙar iska, mutum ma haka, kuma duk ƙofar da iska ta bi ruwa zai bi. In ma ya miƙe, ina batir da baƙin mai da akwatin sifanu suka nufa lokacin da ƙasa ta koma sama? Kan mai jirgin fa, da me ya gamu? Jean-Jacques Savin ya ƙetare Atlantika cikin wata ƙatuwar ganga ta katako, wata huɗu yana yawo, ya isa Karibiyan a 2019 aka yi ta tafa masa. A Janairun 2022, yana da shekara 75, ya sake fita a jirgin tuƙin hannu, aka tsinci jirgin a kife a yankin Azores.

Kaɗaicin kuwa, Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972, doka ta biyar a cikinsu ta wajabta wa kowane jirgi ya kasance da mai gadi da ido da kunne a kowane lokaci. Mai tafiya shi kaɗai yana karya ta duk sanda ya rufe ido, hukumomi dai kau da kai suke yi. Idonka yana mita biyu sama da ruwa, iyakar ganinka kilomita biyar ce. Babban jirgi saboda tsayinsa za ka hango shi daga nesa fiye da haka, a ce kilomita 15 daga cikin ɗan jirgin da ke hawa da sauka. Jirgin kwantena yana cin kilomita 35 zuwa 40 a awa. Daga sanda ya ɓullo zuwa sanda zai taka ka, minti ashirin ne ko kusa da haka. Nan aka samo al'adar barcin minti ashirin-ashirin, a tashi a leƙa a koma, har mako uku. Su kuma can sama ba lalle su gan ka ba. Jirgin roba ko na katako ba ya fitowa sosai a rada, yana ɓacewa cikin taguwa, kuma ko sun bi ta kanka ba za su ji ba. Na'urar AIS, mai sanar da jirage matsayin juna, ta taimaka ƙwarai, amma manyan jirage aka wajabta wa, ƙananan jiragen kamun kifi da yawa ba su da ita, wasu kuma da gangan suke kashewa. Jessica Watson tana shekara 16, a 2009, ta ɗan runtsa a daren gwaji a gaɓar Ostireliya, ta farka jirginta ya gwabza da wani jirgin dakon kaya mai suna Silver Yang. Boris Herrmann, ƙwararren Bajamushe a jirgin tsere mai cike da na'urorin gargaɗi, ya yi karo da jirgin kamun kifi yana barci a Janairun 2021, saura mil 90 ya gama zagaye duniya.

Waɗannan biyun ma jirage masu filafilai suke tuƙawa, inda ake jin motsin waje. Mai inji ƙarar injinsa ta toshe masa kunne, ba zai ji ƙahon jirgi ba, wani lokaci har ƙararrawar da ya saita da kansa. Ƙarar da karkarwar da warin mai kuma ba sa barin ɗan barcin ya shiga jiki. Binciken da aka yi kan rashin barci ya nuna wanda ya yi awa 24 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa sun yi daidai da na wanda ya bugu har doka ta hana shi tuƙi. Wannan mutumin ne ake so ya buɗe bawul ɗin tankin da ya dace, ya kwance filta cikin duhu kansa a ƙasa yana amai, ya kuma tuna ya rufe abin da ya buɗe.

Faɗawa ruwa ga mai tafiya shi kaɗai hukunci ne da ba ɗaukaka ƙara. Jirgin yana kan na'urar tuƙi, yana cin mita biyu da rabi a daƙiƙa. Zakaran ninƙaya na duniya a tseren mita 50 bai kai wannan gudu ba, shi da ke cikin kwami mai ruwa kwance. Al Grover, Ba'amurken da ya ƙetare Atlantika da injin ratayawa a 1985 a jirgi mai ƙafa 26, ya faɗa ruwa a cikin tafiyar, ɗansa da ke cikin jirgin ne ya juyo ya tsamo shi. Éric Tabarly, wanda Faransawa ke ɗauka uban matuƙansu, ya faɗa cikin dare a gaɓar Wales a Yunin 1998, da mutane a jirgin ma, ba a same shi da rai ba. Ɗaure kai da igiya wajibi ne, amma igiyar da ta yi tsawo jan mutum za ta yi a gefen jirgi ruwa na shiga masa hanci. A jirgin inji kuma dalilin fita waje ba ya ƙarewa: juye mai daga jarka zuwa tanki, share ciyawa, duba farfela, har da kama ruwa.

Cikin ɗakin ma ba a tsira ba. Hayaƙin inji yana ɗauke da kabon monoksaid, iskar nan da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, ba wari ba launi. A hanyar Kanari daga baya iska ke busowa, tana turo hayaƙin ciki. Alamunta ciwon kai ne da tashin zuciya da kasala, daidai abin da mai jirin teku yake ji, don haka ba zai zargi komai ba, kwanciya zai yi. Wanda ya zaɓi fetur ya ƙara wa kansa wani, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, gangarawa yake ya kwanta a ƙasan jirgi yana jiran tartsatsi ɗaya daga batir.

Za ka ce ai sai ya danna na'urar neman agaji. Haka ne, wannan na'ura da ake kira EPIRB tana aika saƙo a zangon 406 megahaz zuwa taurarin tsarin Cospas-Sarsat, cikin mintuna an san wane ne kuma ina yake. Sanin inda mutum yake daban, isa gare shi daban. Jirgi mai saukar ungulu iyakarsa mil ɗari biyu zuwa uku daga tudu. Bayan nan sai dai cibiyar ceto ta duba wane jirgin kasuwa ne ya fi kusa, ta tsarin AMVER da masu tsaron gaɓar Amurka ke gudanarwa tun 1958, ta nemi ya karkata. Yana iya isowa cikin awa goma, yana iya ɗaukar kwanaki. Abhilash Tomy, hafsan sojan ruwan Indiya, guguwa ta karya masa jirgi ta ji masa mummunan rauni a baya a kudancin tekun Indiya a Satumban 2018, fiye da kilomita 3,000 daga Ostireliya. Kwana uku yana kwance ba ya iya tashi kafin jirgin sintirin Faransa, Osiris, ya iso. Isowar ma ba ita ce ƙarshe ba. Jirgin dakon kaya bangon ƙarfe ne mai tsayin gaske, ba ya iya tsayawa cak, kuma dole wanda ya galabaita ya kama tsanin igiya ya hau yayin da ɗan jirginsa ke bugun bangon. An rasa mutane a wannan gaɓa bayan sun tsallake komai. Sannan akwai haƙƙin waɗanda aka tayar, ma'aikatan da suka bar hanyarsu suka sa kansu a haɗari saboda abin da wani ya zaɓa don nishaɗi. Shi ya sa masu tsaron gaɓar Amurka ke da ikon hana tafiyar da suka ga ganganci ce ƙarara, kamar yadda suka sha tare Reza Baluchi, mai neman ƙetare teku a cikin wata ƙatuwar ƙwallo mai birgima, har da a 2023.

Kifin shak da 'yan fashi, waɗanda mutane suka fi tsoro, su ne can ƙarshen layi. Shak ba ruwansa da wanda ke cikin jirgi, 'yan fashi kuma matsalar mashigin tekun Gini ce da na Aden, ba ta tsakiyar Atlantika ba. Yanayi ya fi su nauyi. Lokacin mahaukaciyar guguwa a Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, shi ya sa ARC, ayarin jirage masu filafilai da ke ƙetare Atlantika tare, ke tashi daga Las Palmas ta Kanari a ƙarshen Nuwamba. Amma hasashen da za a dogara da shi bai wuce na kwana biyar zuwa bakwai ba, tafiyar ta kwana 22 ce, kuma jirgin da ke cin mil 120 a kwana ɗaya ba ya tsere wa guguwar da ke cin ninki uku ko huɗu na hakan.

In wani ya zo mini da irin wannan jirgi yana neman shawara, ba zan ce masa ba ya yiwuwa ba, don zai karanto mini sunayen waɗanda suka isa. Zan ce a kai jirgin tasha, a cika tankuna, a kifar da shi da injin ɗaga kaya a ga ko zai miƙe, a sake yi da tankuna wayam. Zan nemi wata hanyar tafiya da ba ta sha daga tanki ɗaya da babban injin, ko ƙaramin inji na biyu da nasa tankin, ko ɗan filafilin da zai kai shi tudu ko da cikin wata biyu ne, da ruwan shan da zai kai wata biyun. Sannan ya fita kwana biyar a jere kusa da gaɓa, ranar da iska ke da ƙarfi, da jirgin rakiya a bayansa, yana barcin minti ashirin-ashirin, a dare na huɗu a kashe masa inji ba sanarwa a ga yadda zai yi.

Ko ya ci wannan jarrabawa, mutum na biyu zan sa ya nema, ko ya bi ayari. A 2004 jirage 18 masu inji, ƙirar kamfani, waɗanda aka yi su musamman don dogon zango, da za su ƙetare daga Florida zuwa Jibraltar tare suka tafi, ta Bermuda da Azores, da makanikai a cikinsu. In tsawon zango ne matsalar, akwai hanyar arewa ta Kanada da Girinlan da Aislan da tsibiran Faro, wadda 'yan'uwan nan biyu Ralph da Robert Brown suka bi a 2009 a jirgi mai ƙafa 21. A can kowane zango 'yan ɗaruruwan mil ne, nauyin mai ya ragu sosai, ana kuma iya zama a tasha a jira yanayi ya gyaru. A madadin haka sai hazo, da tsaunukan ƙanƙara masu yawo, da ruwan da sanyinsa ke sandarar da hannu cikin 'yan mintuna har mutum ya kasa riƙe igiyar da aka jefa masa.